Muryar Abba A Cikin Akwati

Ina tsugune ina wanke wa 'yata Kurciya takalmin makaranta na ji motar ta shigo layinmu. Kafin in tsame hannuna daga kumfa, yarinyar ta wancakalar da kofin shayinta ta yi waje a guje.

"Abba! Abba ya dawo!"

Na bi ta ɗankwali a hannu. A bakin kwalta na cafko ta, daidai lokacin da wani mai babur ya taka burki har ƙafarsa ta gogi rigarta. Ya zage ni tas, ban ko ɗaga kai ba. Motar kuwa ta yi gaba abinta, manyan akwatunan lasifika biyu ɗaure a samanta, muryar mahaifin Kurciya na tashi daga ciki raɗau.

"Jama'ata, ban taɓa barin ku ba, kuma ba zan bar ku ba!"

Mai wannan alkawari yana cikin kabari.

Shi ne ɗan majalisarmu, kuma tsohon mijina. Mun rabu tun Kurciya na rarrafe, don danginsa ba su taɓa yafe masa auren 'yar tela ba. Na dawo gaban Inna da keken ɗinkina. Amma bai yar da 'yarsa ba. Duk ƙarshen mako zai zo ya ɗora ta a wuya, shi ya ma sa mata suna Kurciya. Da bakinsa ya ce mini, "Ko kin yi aure tana hannunki." Babu wanda ya ji sai ni da keken ɗinki.

Da ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya, na kasa gaya mata. Na ce Abba ya yi tafiya. Na ce a raina sai ta ƙara wayo.

Sai aka sa ranar zaɓen cike gurbi, jam'iyya ta tsayar da ƙaninsa, wanda Kurciya ke kira Baffa.

A mazaɓarmu zaɓe ba gasa ba ne. Tun ina goye jam'iyya ɗaya ke ci. Inna kan ce ko turmi aka manna wa tambarinta, sai ya je majalisa ya zauna. Ɗan takarar ɗaya ɓangaren ko fosta bai wahalar da kansa ya buga ba, ana ma raɗe-raɗin matarsa ba shi za ta zaɓa ba. Baffa ya san ya ci tun kafin a buga takardun ƙuri'a. Abin da ke hana shi sakat daban ne: mutane ba sa fitowa zaɓen cike gurbi, shi kuma yana son ƙuri'unsa su ɗara na marigayi, manyan jam'iyya su gani su daina kiransa ƙanin wane.

Don haka ya tono muryar yayansa ya ɗora ta a kan mota.

Motar kuma ta mutumin da nake so ce.

* * *

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Gyaran rediyo yake yi da hayar lasifika, kuma shi ya riƙa ɗaukar duk jawaban marigayi. Sama da shekara yana zuwa wurina. Kurciya na jin sallamarsa za ta ɗare masa a jiki, ya ba ta makirfo ta yi ta waƙar da ba ta da kai.

Da yamma ya zo, muka zauna a baranda. Ban bari ya gama gaisuwa ba.

"Yau saura ƙiris babur ya take min 'ya."

"Subhanallahi! Garin yaya?"

"Garin bin motarka. Ta daina cin abinci, Injiniya. A bakin ƙofa take yini tana jiran akwatin nan ya wuce. Ta ce Abba yana ciki. Don Allah ka ce wa direbanka ya daina biyowa ta layin nan."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Maman Kurciya, ba ni ke tsara hanya ba. Baffanta ne da kansa ya ce a riƙa bi ta nan safe da yamma. Wai nan ne layin marainiya."

"To ka ce masa motar ta lalace."

"In ɓata masa rai yanzu? Yanzu da maganarmu ke hannunsa?"

Gaskiya ya faɗa. Tun bayan rasuwar, Hajiya kakar Kurciya ta aiko cewa ranar da na yi aure, ranar za a zo a ɗauki jininsu. Mutanen da ba su taɓa tambayar ko tana da takalmi ba.

"Na je wurinsa jiya," in ji Injiniya, murya ƙasa-ƙasa. "Ya ce in na yi masa aiki mai kyau a zaɓen nan, zai shawo kan Hajiya. Mu yi aurenmu, Kurciya na ɗakinki. Ki ƙara haƙuri kaɗan, gimbiyata. Kwana nawa ya rage?"

"Ya ce haka da bakinsa?"

"Wallahi da bakinsa."

Hawaye suka zubo mini, na daɗi ne a ranar. Na tashi in haɗa masa shayi, na bar shi da Kurciya. Daga kicin ina jiyo dariyarta, can kuma na ji ta yi tsit, tana magana a hankali kamar mai raɗa. Da na fito na same ta riƙe da makirfo da hannu biyu, idonta na ƙyalli. Shi kuma ya yi saurin cusa wayarsa a aljihu.

Ban kawo komai a raina ba. A daren ta cinye abincinta duka, har da suɗe kwano.

* * *

Ranar Laraba ina kan keke ina haɗa wuyan riga, motar ta shigo. Na miƙe in tare ƙofa. Sai na ji ba muryar marigayi ba ce.

"Abba, ni ce Kurciya. Na ci abincina duka. Ka dawo, ba zan ƙara yin kuka ba. Abba, kana ji na?"

Almakashi ya suɓuce daga hannuna.

Bayanta wata murya ta biyo, mai taushi, wadda na sani fiye da tawa: "Jama'a, kada ku bar marainiyar nan ta yi kuka ita kaɗai. Ku fito ranar Asabar ku zaɓi Baffanta!"

Matan layinmu suka firfito, wasu na share hawaye da bakin mayafi. Kurciya na tsalle tana tafi. "Umma, kin ji? Na shiga wurin Abba! Injiniya ya ce in na yi magana Abba zai ji ni!"

Inna ta dafa bango. "Wannan shi ne mai gyaran rediyon da kika ƙi kowa saboda shi?"

Na ja mayafi na fita.

A shagonsa na same shi, cikin tulin wayoyi da matattun rediyo, ƙarfen narka dalma na hayaƙi a hannunsa. Yana ganina ya ajiye.

"Ki zauna in yi miki bayani."

"A barandar uwata, Injiniya? Ina can ina dafa maka shayi?"

"Abin da ya nema ke nan. Ya ce muryar marigayi ta fara gundurar mutane, a samo ta yarinyar. Na ce ba za ki yarda ba. Ya ce to kada a tambaye ki."

"Kai kuma ka ce to."

"Don ke na yi! Don ita na yi!" Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Me nake da shi da zan ja da su? Gida? Suna? Wannan shagon ne kawai da murya mai daɗi. Minti ɗaya na maganarta, a bar mana ita har abada. Ke da ke ce ba za ki yi ba?"

"Da sai in ce mata waƙa za ta yi. Da sai in ce ta gaida Baffa. Kai ce mata ka yi ubanta zai ji ta. Ka san me ta yi ranar? Ta cinye abincinta don ya dawo. Jiya ta faɗi ta fasa gwiwa, ta cije leɓe ta ƙi kuka, wai ta yi wa Abba alkawari. Shekararta biyar!"

Ya durƙusa a gabana, a kan sumunti mai maiƙo, yana kuka kamar yaro.

"Ki zage ni, ki mare ni, amma kada ki ce kin fasa. Ranar Asabar komai zai wuce. Zan goge shi a gabanki."

"Ka goge daga waya. Daga kanta fa, da me za ka goge?"

Na baro shi a durƙushe.

Da na iso gida na tarar da Inna zaune a tsakar ɗaki, takalmin makarantar Kurciya a cinyarta.

"Sun zo da mota sun tafi da ita," ta ce. "Hajiya da kanta. Ta ce jikarta za ta kwana biyu a gidan Baffanta. Me zan ce mata, 'yar nan? Da wane bakin?"

* * *

Gidan Baffa cike yake da 'yan jam'iyya, ana sauke katan-katan na riguna masu hotonsa. Mai gadi ya bar ni tsaye a rana har na gaji, sannan aka shigar da ni falo. Na durƙusa na gaida Hajiya, ta amsa da hanci. Baffa na kishingiɗe, waya biyu a gabansa.

"A'a, uwar tauraruwa! Kin ji yadda 'yarki ta girgiza gari? Tsofaffin da suka ce ba za su fito ba, yanzu su ke tambayar rumfar zaɓe."

"Yallaɓai, na zo ɗaukarta ne. Ba ta iya barci sai da ni."

"Za ta koya. Jibi akwai gangamin rufe kamfe, shugabannin jam'iyya na zuwa. Za a sa muryar Yaya, ita kuma ta amsa masa a kan dandamali. Kowa ya gani da idonsa."

"Ba ta san ya rasu ba, Yallaɓai."

"Shi ya sa abin ke ratsa mutane." Ya faɗa yana duba waya. "Kada ki kuskura ki ɓata min shi."

Na ce, "To bayan zaɓe fa? An ce ka yi alkawari."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Mai lasifika ya gaya miki? Hajiya, kin ji. Yarinyar da duk mazaɓa ta san muryarta, a ce tana gidan mai hayar lasifika tana kiransa Baba? Ai sai a yi da ni."

"Jininmu ba zai tashi cikin tsummokaran rediyo ba," in ji Hajiya. "In aure kike so, ga Sakataren jam'iyya nan, ya ce yana son ki. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Kya riƙa leƙo ta in an ba ki dama."

"Ku bar ni in gan ta, ko sau ɗaya."

"Tana wasa," Baffa ya ce. "In ta gan ki za ta rikice."

Ina fita na jiyo ta daga wani ɗaki a sama. Wata mata na cewa, "Sake faɗa, da ƙarfi." Muryar 'yata ta amsa, a gajiye: "Abba, kana ji na?"

Na tsaya a ƙofar gidan har mai gadi ya ce in matsa, mota za ta fita.

A hanya na daina kuka. Kuka bai taɓa haɗa min wuyan riga ba. Na fara tunani yadda nake yi in yadi ya gaza: me ke hannuna, me zan iya yankewa. Ba ni da lauya, ba ni da dangi masu faɗa a ji. Abin da suke riƙe da Kurciya saboda shi abu ɗaya ne, ta yarda ubanta na cikin akwati. Ni na fara ɗinka wannan ƙaryar, ni zan farke ta.

* * *

Ranar gangami na isa filin ƙwallo tun ana jera kujeru. An kafa dandamali, an jibge manyan lasifika hagu da dama. Injiniya na bayan teburin na'urorinsa. Ya rame, gemu ya fito masa. Yana ganina ya miƙe.

"Kana da sukundireba?" na tambaye shi.

"Maman Kurciya..."

"Ka ce in zage ka, in mare ka. Ba na so. Abu ɗaya za ka yi min. In an kawo ta gwaji, za ka buɗe bayan akwatin can a gabanta."

Ya kalli akwatin, ya kalle ni. Ya gane.

"Zai kore ni daga mazaɓar nan. Ba wanda zai ƙara ɗaukar kayana."

"Na sani."

"Ita kuma ba za ta yafe min ba."

"Wannan ma na sani."

Ya jawo akwatin kayan aikinsa.

Mutane sun fara cika fili lokacin da aka kawo ta. An sa mata farar riga mai hoton Baffa a ƙirji, an maƙala mata ƙaramin makirfo a wuya. Ba ta ma lura da ni ba. Ta ƙwace daga hannun matar da ke riƙe da ita, ta ruga wurin babban lasifikar, ta manna kunnenta. Ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

"Abba, fito. Na zo."

Matan da ke sahun gaba suka fashe da kuka. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka.

Na hau dandamalin. Na durƙusa a bayanta na rungume ta. Jikinta zafi.

"Umma! Abba yana nan ciki, ya ƙi fitowa."

"Zo mu buɗe mu gani."

Injiniya ya juya akwatin. Ya shiga kwance ƙusoshin da sukundireba, ɗaya har ta faɗi ta gangara. Ya cire murfin ya jingine.

Kurciya ta cusa kanta ciki. Baƙin ƙarfe zagayayye, wayoyi ja da baƙi, soso da ya ruɓe, yanar gizo-gizo a kusurwa. Ta zura hannu ta laluba har ƙasa. Ta fito da ƙura a goshi.

"Ina yake?"

"Ba ya ciki, Kurciya. Bai taɓa shiga ba. Tsohuwar muryarsa ce aka ajiye, kamar hoto." Na riƙe fuskarta da hannu biyu. "Abba bai yi tafiya ba. Abba ya rasu. Ba zai dawo ba, ko kin ci abinci, ko ba ki ci ba. Kuma ba laifinki ba ne. Ki yi kukanki, ina nan."

Ta kalle ni. Ta kalli ramin akwatin. Sannan ta buɗe baki.

Makirfon wuyanta a kunne yake. Ihun ya fita ta duk lasifikan filin, ya daki katangar makarantar da ke can gefe ya dawo. Ba irin kukan da ke sa a yi tafi ba ne. Mutane suka toshe kunne. A daidai lokacin jerin motocin shugabannin jam'iyya ke shigowa.

Baffa ya hayo dandamali babbar rigarsa na jan ƙasa.

"Kashe! Kashe abin nan, ɗan iska! Ke kuma me kika yi mata?"

"Gaskiya na gaya mata, Yallaɓai."

Ya tsugunna yana murmushin dole. "Kurciya, 'yar Baffa, ce Abba kana ji na. Faɗa mana, in saya miki keke."

"Ya mutu!" ta ƙwalla masa a fuska. "Abba ya mutu!"

Ya miƙe yana kaɗe riga kamar an watsa masa ruwan kwata. "Ɗauke ta. Fitar min da ita ta baya kafin baƙi su zauna."

Na fizge makirfon na jefar, na saɓa ta a kafaɗa. Muna wucewa ta gaban Injiniya ya miƙo hannu zai shafa kanta. Ta ƙanƙame wuyana, ta nuna sukundireban da ke hannunsa.

"Shi ne! Shi ya cire Abba! Ya ce yana ji na, ya cire shi!"

* * *

Baffa ya ci zaɓe. Ƙuri'unsa sun ɗara na marigayi, kamar yadda ya so. Ihun 'yata bai rage masa ko ɗaya ba. Inna ta ce da turmin aka tsayar, da ya fi shi kunya.

Bayan an rantsar da shi na aika a tambaya min matsayin Kurciya. Direbansa ya kawo amsa, ko daga mota bai sauko ba.

"Yallaɓai ya ce ki riƙe ta, su ba sa iya rigimarta. Ya ce ki auri wanda kika ga dama."

Abin da muka yi wata da watanni muna roƙo ke nan. An jefo min shi ta tagar mota.

Da yamma Injiniya ya yi sallama. Kurciya na zaune kusa da keke tana jera min maɓallai, ta fara cin abinci, ta fara barci ba firgita. Tana jin muryarsa ta zubar da maɓallan, ta shige ƙarƙashin gado, ta toshe kunnuwanta da tafin hannu.

Na fita baranda na ja ƙofar a bayana. Ya sayar da motar, an ce, don ba mai ɗaukar hayarsa. Ya zo da 'yar tsana a leda.

"Na ji saƙon Baffanta," ya ce. "An buɗe mana hanya, Maman Kurciya. Zan jira. Yara suna mantawa."

"Wannan ba ta mantawa. Ubanta ta biyo."

"Ke fa? Ke kin daina so na?"

Da ya tambaye ni wani abu daban, da na iya kallon idonsa.

"Ban daina ba," na ce. "Amma muryarka ce, Injiniya. Ba fuskarka ba, da sai in ce ta rufe ido. A gida ɗaya, safe da yamma, ina zan ɓoye mata muryarka?"

Ya buɗe baki zai yi magana. Daga cikin ɗaki muka ji ta, ƙasa-ƙasa, daga ƙarƙashin gado.

"Umma, ya tafi?"

Ya rufe bakinsa. Ya ajiye ledar a kan dakali a hankali, kamar mai tsoron ta yi ƙara. Ya sauka daga baranda da sanɗa, bai yi sallama ba.

Na tsaya har ya sha kwana. Na goge fuskata da bakin zane, na shiga, na durƙusa a gefen gadon na miƙa mata hannu.

"Ya tafi. Fito ki tsince min maɓallaina."